Awa Ɗaya a Agogon Baba Dabo

Baba Dabo shi ne masinjan makarantar firamare ta ƙauyenmu, Gidan Gawo, can gefen Kunci. Aikinsa sharar fili, cika randa da ruwa, da buga ƙararrawa. Ƙararrawar kuwa wani tsohon ƙarfen tayar mota ce da aka rataye a reshen tsamiya, in ya doke ta da guntun ƙarfe har unguwannin da ke bayan gonaki ana ji.

Dogo ne siriri, ɗan doro ya kama shi tun yana saurayi, saboda shekara tara ya yi yana dakon buhunan gyaɗa a Kano. Abin da ya dawo da shi daga birni bai wuce agogon hannu guda ba, mai baƙin maɗauri, wanda yakan murɗa wa kai kowace safiya bayan ya shafa addu'a. A lokacin, ban da hedimasta, babu mai agogo a ƙauyen sai shi. Na hedimasta kuma yakan tsaya in ya ga dama, don haka da na Baba Dabo ake aiki. Shi da matarsa, Inna Sauda, Allah ya ba su 'ya'ya uku, duk sun koma tun suna goye. Ba su cika maganar ba. Amma duk yaron da ya taɓa zama a makarantar nan, Baba Dabo ya san sunansa, da na kakarsa, da kuma ko ya karya kafin ya fito.

Ni sunana Luba. Ina aji huɗu shekarar da ruwa ya ƙi, wato farin 1973. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, rumbuna suka zama wurin wasan ɓeraye. Kafin bazara ta shigo, a gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Gidanmu yana Unguwar Rimi, tafiyar kusan mil biyu cikin rairayi. Ƙarfe takwas ake shiga aji, ƙarfe ɗaya da rabi a tashi, daidai lokacin da ƙasa take dafa tafin ƙafa.

Wata ranar Talata ina komawa gida, cikina babu komai sai ruwan da na sha, na ga itatuwa suna juyawa. Abin da na sani bayan nan shi ne na farka a bayan mutum, kumatuna a kan doronsa. Baba Dabo ne. Yara ne suka ruga suka kira shi. Bai kai ni gidanmu ba, gidansa ya fi kusa. Inna Sauda ta shimfiɗa ni a inuwar zaure, ta jiƙa zane ta rufa mini, ta dama ɗan garin da ya rage mata ta riƙa ba ni da ludayi. Ina jin ta tana ce wa mijinta, "Malam, wannan ta uku ke nan a wata ɗaya. Sai an rasa rai za ku yi magana?"

Washegari ya tsaya a bakin ofishin hedimasta, Malam Abdussalam, hula a hannu. Malam Abdussalam mutumin Bici ne, mai tsoron Allah da tsoron takarda. Shi da kansa ya ba ni labarin bayan na girma.

"Ranka ya daɗe, da za a shiga ƙarfe bakwai, a tashi sha biyu da rabi, da yaran nan sun isa gida kafin rairayi ya yi wuta."

"Dabo, ka faɗi gaskiya. Amma takardar ofishin ilimi cewa ta yi takwas. Ba ni da ikon taɓa ta."

Baba Dabo ya dubi agogon da ke wuyan hannunsa. Can ya ce, "To, ranka ya daɗe, takarda ta ce takwas. Ta faɗi agogon wa?"

Hedimasta ya ce shi bai ji komai ba, kuma nasa agogon ya tsaya tun jiya. Baba Dabo ya fita, ya zauna gindin tsamiya, ya tura hannun agogo gaba da awa guda.

Mu 'yan nesa mun ji daɗin abin tun ranar farko. Da sanyin safiya muke tahowa, muna shiga aji kanmu garau, lissafi ma yana shiga. In aka tashi, rana tana tsaka amma ƙasa ba ta gama ɗaukar zafi ba. Muna isa gida da sauran ƙarfi, har mu bi iyaye mata neman ganyen tafasa da 'ya'yan aduwa. Cikin watan nan babu wanda ya sake faɗuwa a hanya.

Sai dai awar da aka samu da rana, daga safiya aka ɗebo ta, kuma safiyar tana da masu ita. Na farko da ya zo shi ne Malam Iliyasu, mai makarantar allo. A wurinsa yaran cikin gari suke karatu bayan sallar asuba har hantsi ya fara. Yanzu ko allo ba su gama wankewa ba sai su ji ƙarfe yana kira. Ya tarar da Baba Dabo yana shara, ya ce, "Dabo, lokaci na Allah ne. Kai wa ya ba ka ikon tura shi?"

"Allah ya gafarta Malam, ban taɓa rana ba, tana inda take. Ƙarfen hannuna kawai na taɓa."

"To ƙarfen hannunka ya cinye mini karatun yara."

Baba Dabo bai musa ba. Ya jingine tsintsiya ya ce gaskiya ne, kuma bai hango wannan ba. Kwana biyu yana zuwa zauren Malam bayan azahar yana zama. Ban san abin da suka tattauna ba, amma a ƙarshe Malam ya mai da karatun 'yan boko bayan la'asar, ko da yake ya daɗe yana cewa karatun yamma ba ya zama a kai kamar na safe. Ina jin da gaskiyarsa.

Na biyu mata ne. Rijiyoyin cikin gari sun ƙafe, saura guda ɗaya a fadama, wadda takan tara ɗan ruwa kafin gari ya waye. 'Yan mata ne ke zuwa ɗiba da sassafe, su dawo su tafi makaranta. Da awa ta matsa, sai iyaye biyu suka hana 'ya'yansu zuwa aji, ga shi dama mu mata bakwai ne kacal. Wannan ya fi komai damun Baba Dabo. Ya ce da Inna Sauda zai mai da agogo yadda yake.

Ta ce, "Ka mayar, Luba ta sake faɗuwa? Bar shi. Tulu nawa ne?"

Tun daga ranar, Inna Sauda, mace mai shekara hamsin da ciwon gwiwa, take yin sawu uku zuwa fadama kowace safiya: ɗaya nata, biyu na gidajen nan. Shi kuma, da ya buga ƙararrawar shiga, sai ya bi ta da sauri ya karɓi tulun ƙarshe. Mutane suka yi ta dariyar namiji da tulu a ka. Ya ce wanda ya ɗauki buhun gyaɗa ba ya jin kunyar tulu. 'Yan matan biyu suka dawo aji.

Har da abin dariya an yi. Mati mai sayar da awaki ya tambayi Baba Dabo lokaci ranar kasuwar Ɗanbatta, ya manta agogon yana gaba da awa guda, ya je bakin titi ya yi ta jiran mota yana zagin direba.

A wata na uku mai duba makarantu ya zo a kan babur, ƙarfe ɗaya saura kwata a agogonsa, ya tarar da azuzuwa a kulle. Malam Abdussalam ya fara in'ina. Baba Dabo ya matso ya ce shi ne ya yi, kada a ɗora wa kowa. Ya faɗi dalili, bai ƙara ba bai rage ba. Mutumin ya ce dokar ba ta san wannan ba. Sai Baba Dabo ya roƙe shi, cikin ladabi, ya cire takalmi ya taka filin makaranta. Ya cire ƙafa ɗaya ya taka, ya ɗauke da sauri. Ya mai da takalminsa, ya sha ruwan randa, ya ce shi dai zai rubuta cewa ya zo a makare. Amma ya gargaɗe su, da zarar damina ta sauka a koma kan ƙa'ida.

Haka aka yi. Ruwan shekarar da ta biyo ya ɗan samu, ranar da aka yi shuka Baba Dabo ya mai da agogo baya. Wasu iyaye suka nemi a bar shi yadda yake, wasu suka ce alhamdulillahi an huta. Shi bai goyi bayan kowa ba.

Gwiwar Inna Sauda ba ta sake komawa daidai ba. Shekarunta na ƙarshe da sanda take tafiya, daga baya ma ta daina fita. Baba Dabo ya ajiye aikin makaranta tun lokacinsa bai yi ba, ya miƙa wa Badaru maƙwabcinsa, don ya zauna da ita. Shi ke yi mata wanki, shi ke ɗora tukunya. Na je gaishe su da ɗana na fari a baya, na same shi yana tuƙa tuwo, ita tana zaune kan tabarma tana gaya masa ya yi gudaji. Ya ce, "Kin ji, Luba, shekara biyu ina koyo, har yau ban ci jarrabawa ba." Ta karɓi jaririn ta ɗora a cinya, ta ce ya zuba mini a kwano mai murfi, shi ya fi tsabta.

Ta rasu da kaka, shi kuma ya bi ta kafin wata kakar. Kabarinsu yana gabas da gari, kusa da juna.