Karen da Muka Ɗauko wa Kawu daga Ƙasar Buzaye

Mun tashi da asuba daga Ƙaura Namoda, ni da wani abokina ɗan Moriki mai fataucin shanu, wanda ke jin Buzanci. Ni malamin makaranta ne, rabona da daji tun ina yaro, kuma da za a tambayi wanda ya fi kowa ƙyamar kare a danginmu, ni za a nuna. Amma kare muka fita nema.

Kawuna ne ya aike ni. Yana zaune a wani ƙauye bayan Zurmi, manomi ne kuma mafarauci, kamar mahaifinsa. Karnukan gidansu ba irin na ƙauye ba ne, dogaye ne sirara masu faɗin ƙirji, asalinsu daga arewa kakanmu ya kawo su. Yanzu saura karya ɗaya, sunanta Barsu, ta tsufa. Shekara da shekaru yana tsare ta daga karnukan gari don kada irin ya gauraya. Tun da matarsa ta rasu idonsa ya fara dusashewa, ita ce abokiyar zamansa a gindin rumbu. Da ya ga alamar lokacin barbararta ya kusa, sai ya sa aka kira ni.

"Wagga ita ta ta ƙarshe," in ji shi. "In ta wuce bana, ba ta ƙara haihuwa. Ka tai ƙasar Buzaye ka samo mani namiji babba, ba ɗan kwikwiyo ba. Ni da ita duk ba mu da lokacin jira."

Na tsaya ina kawo maganar Shari'a, tunda bara aka ƙaddamar da ita kuma kowa na taka-tsantsan. Ya ce ya riga ni, liman ya tabbatar masa karen farauta da na kiwo da na tsaron gona halal ne, cin kuɗinsa ne ba a so. Hujjata ta ƙare.

Hanyar Shinkafi ta sha faci, amma motarmu ta jure. Ranar Alhamis ce, kasuwa ta cika har bakin titi, raƙuma a durƙushe, buhunan gero jibge. A tasha na ga sababbin motocin haya da aka keɓe wa mata, direban ɗaya yana ta kiran fasinja, maza na wucewa suna yi masa dariya. Muka karya da waina da miyar taushe, abokina ya canza mana sefa, kuɗin tsallaken iyaka, wurin wani ɗan canji. Na sayi shayi da sukari da turmin yadi, don an gaya mini Buzu ba ya sayar da karensa, sai dai ya ba ka, kai kuma ka yi masa alheri.

Muka bi ta Isa da Sabon Birni muka tsallaka iyaka. Jandarma ya tambayi abin da ya kawo mu, abokina ya ce kare, ya kalle mu sama da ƙasa ya miƙo mana takardunmu. A Madawa albasa ta yi araha har ta ba ni haushi, in na tuna yadda muke sayenta a Ƙaura. Muka kwana nan, washegari muka hau wata tsohuwar motar kaya da ta nufi arewa. Tun muna ganin gonaki har suka ƙare, sai ƙaya da rairayi. Bazara ce, ruwan jarkarmu ya yi zafi kamar an dafa. Gefen hanya gawar shanu ce nan da can, busassu, fata ta manne da ƙashi. Abokina da ya san darajar kowace saniya ya riƙa ƙirga su.

Kwana biyu muna bin rijiyoyi muna tambaya. A zango biyu an yi mana tayin 'yan kwikwiyo, muka ƙi. Wani dattijo ya ce mana babban kare ba ya sake ubangida, muka ji muka wuce, don saƙon Kawu muke bi. A rana ta uku aka kwatanta mana wani mutum da garkensa ya ƙare.

Mun same shi zaune a inuwar bukkar fata, awaki uku kacal a gefe. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya dafa shayi har sau uku, ya kawo cuku, bai tambaye mu komai ba sai da muka gama. Duk wannan lokaci karen na kwance da haɓarsa a kan ƙafar mutumin. Ja ne, da farar safa a ƙafafu huɗu. Da ya miƙe sai na ga tsawonsa ya kai cinyata. Ko ni da ba na son kare na san na ga abu mai kyau.

Abokina ya faɗi buƙatarmu. Mutumin ya amsa da Hausa, a hankali.

"Da bara kunka zo, da na kore ku. Yanzu ba ni da nonon ba shi. Iyalina na kai su wurin dangi. Jibi ni ma in kwashe bukkag ga in tai Ikko aikin gadi. Can ba a zuwa da irinai."

Ya karɓi shayi da sukari, ya mayar mana da yadin. Sai ya kama bakin rawaninsa, baƙi mai shuni wanda ya sha zufa da hayaƙi, ya yage kamar kamu ɗaya ya ɗaura a wuyan karen. Ya ce kada mu raba shi da wannan. Ya faɗi sunan karen sau biyu, harshena bai iya kamawa ba. Da muka ja igiya karen ya turje, sai da mutumin ya raka mu har bakin hanya, ya ɗora shi cikin mota da hannunsa, ya juya. Bai waiwayo ba, ya ja rawani ya rufe har idonsa.

Dawowa muka biyo ta Maraɗi, don ta fi kusa da Zurmi. Direbobin ƙananan motoci duk suka ƙi mu, ɗaya ya ce ko gwamna ne ya aiko karen ba zai shiga motarsa ba. Ƙarshe muka hau bayan a-kori-kura a kan buhunan wake. Karen bai yi haushi ko sau ɗaya ba. In muka tsaya na dama masa fura da nono a ƙoƙo, sai ya sunkuya ya shinshini ƙyallen wuyansa, sannan ya lasa kaɗan. Na lura da haka, amma ban gane ba.

A Jibiya na yi ɓarnar. Girgizar mota ta sa ya yi amai, ya ɓata ƙyallen. Abokina ya tafi sayo mana tsire. Ni kuwa warin ya dame ni, ga azahar ta yi, ga shi dama a raina na ɗauki abin camfi ne irin na mutanen daji. Na kwance shi, na sayi sabulu, na tsuguna a bakin famfo na wanke shi tas, har shuni ya rina mini hannu. Na shanya, ya bushe nan da nan, na mayar masa. A ganina ban saɓa ba, ai ban raba shi da shi ba.

Karen ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya ɗago ya dube ni. Abokina ya dawo ya ga hannuna, ya ajiye tsiren.

"Malam, mi ka yi haka? Ƙamshin mai shi na aka bar mashi."

Daga nan karen bai ƙara cin komai ba.

Mun isa ƙauyen Kawu da la'asar ta hanyar Gurbin Ɓaure. Kawu ya fito da sandarsa, ya durƙusa ya shafa karen tun daga kunne har wutsiya, ya auna ƙirjinsa da tafi, yana murmushin da na daɗe ban gani ba. Ya ce irin na kakanmu ne sak. Barsu ta zo tana kaɗa wutsiya kamar ba tsohuwa ba. Baƙon ko kallonta bai yi ba, ya je iyakar igiyarsa ya kwanta yana fuskantar arewa.

Kwana huɗu na yi a gidan. An kawo nono mai ɗumi daga rugar Fulani, an yanka zabo, Kawu ya ba shi da hannunsa, ya kau da kai. Ruwa kawai yake lasa. Barsu takan je ta kwanta kusa da shi, in ta gaji ta koma gindin rumbu. Na gaya wa Kawu zancen wankin, bai yi mini faɗa ba, ya ce Allah ya riga ya rubuta. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Zancen Ikko ne ban faɗa masa ba, na kasa.

Rana ta biyar da hantsi Kawu ya sake shafa haƙarƙarin karen, ya ce in riƙe masa hannu mu je bayan gona da karen. Can ya lalubi ƙullin igiyar.

"Ba ni kashe shi don son raina. Shi koma wurin mai shi, tun shina da sauran ƙarhi."

Maganar tana bakina. Na san in na faɗa, karen zai mutu a ɗaure a gabansa, in na yi shiru zai mutu a hanya ko a kan kufai. Kafin in zaɓa, igiya ta faɗi. Karen ya tsaya jim, sannan ya miƙa. Ban taɓa ganin gudu irin wannan ba, cikinsa kamar zai taɓa ƙasa, kafin in share ido ya ɓace bayan kalgo.

Kawu ya tambaye ni ko ya yi nisa, na ce ya yi. Ya ce, "To, mai shi zai yi murna." Na ce haka ne.

Na iso Ƙaura bayan magariba, jikina duk ciwo. Na ga ƙasa, na sha shayin mutanen kirki, na kuma koyi cewa in an ba ka amana aka haɗa da gargaɗi, ka tambayi dalili kafin ka sa wayonka. Makon jiya aka aiko mini cewa lokacin Barsu ya wuce. Kawu kuma duk bafataken da ya sauko daga arewa sai ya tambaye shi ko ya ga wani Buzu da jan kare mai farar safa. Har yau ban gaya masa ba, shunin ma bai gama fita daga farcena ba.