Shawarar Kawu Kan Jirgin Istanbul

Da zan je China sarin kaya karon farko, hanya biyu aka ba ni: in sauka Addis Ababa in kwana, ko in sauka Istanbul in canza jirgi nan take. Na kai wa Kawu maganar, shi da ya tsufa yana lodin fasinja a tashar mota ta Zongo.

Ya ce, "Bi ta Istanbul, ɗana, kuma kada ka yi gaggawa. Wane direba ne zai tashi da kujera babu kowa?"

A Istanbul na yi sallah a tsanake, har da shan shayi. Kafin in isa ƙofar shiga, jirgi ya tafi.

Na kira Kawu ina huci. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "To, ya cika ke nan."