Gishirin da Anti Ta Ɗauko Zuwa Jos

Hedimasta ne ya kawo shawarar, shi kuwa duk abin da ya kawo ba a musa masa. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Bukan Sidi, Lafiya tana ƙarƙashin Jihar Filato, Jos kuwa ita ce birnin da kowa ke marmarin zuwa. Ya ce tunda an ba da dogon hutu, ranar Asabar mu cika motarsa mu je mu ga gidan zu, mu kwana, Lahadi mu dawo. Malamai maza suka hau murna. Ni ba ruwana da biri ko zaki, takalmi nake so na saya.

Wadda ban zaci za ta je ba ita ce malamar 'yan aji ɗaya, wadda duk muke kira Anti. Alago ce 'yar Keana, ta girme mu nesa ba kusa ba, kuma ba ta son yawo. Ana gobe tafiya ta ja ni gindin mangwaro ta gaya mini dalili. Ɗanta tilo yana Jos, ba sa magana tun da ya auri yarinyar da ta ce ba ta so, har ta gaya masa maganganu masu zafi a gaban mutane. Yanzu ta ji a bakin duniya matar ta haifi 'ya mace, ba wanda ya aiko mata. A gidansu in an yi haihuwa, uwar miji ce take kai gishirin da aka dafa a gida, ɗan ya karɓa ya lasa a gabanta, sannan a sa wa mai jego a miya. In akwai rigima a tsakani, wannan lasar tana nufin an yafe. Gishirin da za ta kai kuwa mahaifiyarta ce ta dafa shi da rani kafin ta rasu, kuma da damina ba a dafa wani.

Da safe ta iso da shi a kwando, ta lulluɓe da zane. Hedimasta yana jin mene ne ya daka tsalle ya ce gishiri ba zai shiga masa mota ba, yana cin ƙarfe, zai huda masa ƙasan but. Na ce masa ai a cinyarta za ta riƙe. Ya ce ko warinsa ba ya so a ciki, sai ka ce gishiri yana da wari. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan ƙara, Anti ta tsunkule ni. Mutumin ogan aikinta ne, motar tasa ce, kuma ba ta son maza su san abin da zai kai ta. Haka aka ɗaure kwandon a saman mota, aka rufa masa wani tsohon tamfol da ko akuya ba zai kare ba.

Har muka wuce Akwanga rana ce tas. Maza suna ta gardamar ƙwallo, mun sayi dafaffiyar gyaɗa da ayaba ana ta ci. Anti ba ta taɓa ko ɗaya ba, idonta yana kan sama ta taga. Muna fara Hawan Kibo gari ya yi baƙi, sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na roƙi Hedimasta ya tsaya mu sauko da kaya. Ya ce in ya tsaya a kan wannan hawan motar ba za ta sake tashi ba, ga tireloli a bayanmu. Wannan kam gaskiya ya faɗa, amma a lokacin ji nake kamar na shaƙe shi ta baya. Ruwa yana gangarowa ta gefen da Anti take zaune, ta sa yatsa ta kafar gilashi ta taɓa, ta kai baki, ta mayar da hannunta cinya.

Da muka shiga Jos ruwan ya ɗauke, sanyi ya kama mu. Aka sauko da kwandon, ba nauyi. Abin da ya rage a ƙasa bai cika tafin hannu ba, shi ma ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi. Maza suka ce haba, abu mai sauƙi, a shiga kasuwa a sayo mata buhu ma in tana so. Hedimasta kuwa farin zanen gishirin da ya bushe a jikin ƙofar motarsa yake gogewa yana tsaki. Anti ta kwance ɗankwalinta ta kankare ɗan abin da ya rage da farce, ta ƙulle a gefensa. Ta ce na raka ta, su kuma su tafi kallon namun dajinsu.

Da tambaya muka gano gidan, ciki da falo a wani lungu mai duwatsu. Matar ɗan ce ta buɗe, yarinya siririya da jaririya a kafaɗa. Wallahi ta yi mana kirki, ta durƙusa ta gaida Anti, ta kawo shayi, ta miƙa mata jaririyar ba tare da an roƙa ba. Anti ta karɓe ta ta rungume. Can sai ɗan ya fito daga ɗaki, dogo, kamarsu ɗaya da Anti. Anti ta yi masa magana da Alago, ya amsa mata da Hausa, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ya zo daga ofis. Ta sake yi da Alago, ya sake amsawa da Hausa. Ni da ba uwarsa ba sai da na ji abin ya soke ni.

Ta kwance ƙullin ta miƙa masa da hannu biyu.

"Na kakarka ne. Ruwa ya cinye a hanya, wannan ne ya rage."

Ya daɗe yana kallon abin da ke cikin ɗankwalin. Ya san mene ne, na ga haka a fuskarsa. Sai ya juye a wani ƙaramin faranti ya ajiye a kan tebur, ya ce an gode, Allah ya jiƙan tsohuwa. Matar, da ba ta san komai ba, ta ce ai da ba a wahala ba, likita ma ya hana ta gishiri saboda ƙafafunta sun kumbura. Muka ɗan zauna. Ba wanda ya ce mu kwana, Anti kuma ba ta tambaya ba. Da muka tashi ita ta fara fita, ni na tsaya saka takalmi a bakin ƙofa.

Ban sayi takalmin ba, ban ga gidan zu ba. Lahadi a hanyar dawowa maza suna ta labarin wani gwaggon biri da ya yi wa Hedimasta gwalo, ana ta ƙyaƙyata dariya. Mun kusa Akwanga Anti ta matso kusa da kunnena.

"'Yata, ke kika fito daga baya. Da na juya, ya lasa?"

Na ce mata gaskiya ban gani ba, lokacin da na ɗago kai yana tsaye a gaban teburin ya ba ni baya. Ta gyara zama. Muna shiga Lafiya ta sake taɓa ni.

"Amma a gaban teburin yake tsaye, ko?"

Na ce e, Anti, a nan yake tsaye.