Turmin da Ya Sha Gujiya

A unguwarmu ta Agadas, duwan suke ce mini, wato ɗan kwastan. Mata ne suka liƙa mini sunan, don duk kwanon da ya shigo ƙofata sai na tsare shi kamar motar kaya a kan iyaka, na buɗe, na shinshina, na tambayi abin da aka zuba tun daga mai har yaji. Ban taɓa jin haushin sunan ba. In da ɗiyarsu ce ke shaƙewa saboda ƙwayar gujiya ɗaya, wallahi da sun fi ni tsare hanya.

Ni ba ƴar garin nan ba ce. Aure ya kawo ni daga kudu, daga ƙauyen da gujiya ita ce komai: da ita muke miya, da manta muke suya, ƙuli-ƙuli kuwa a bakin zane muke ƙulle shi mu tafi lakwal, wato makarantar boko. Maigidana direban kamyo ne, babbar motar kaya, yana kai ruwa da abinci wurin masu haƙar zinariya can cikin sahara, in ya tafi sai ya yi sati uku ban ga ƙeyarsa ba. Wadda ta riƙe ni a nan wata tsohuwa ce da katangarmu ɗaya, Inna nake ce mata. Ita ta nuna mini kasuwa, ita ta karɓi haihuwata, ta yi mini wankan jego kwana arba'in ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sana'arta dakan yaji, tana sayar wa masu gasa nama. Akwai ƴar ƙofa tsakanin gidajenmu, ba mu taɓa sa mata sakata ba. Tun ina amarya na ce mata, "Inna, duk abin da kike so a gidan nan ki ɗauka, kada ki tambaye ni, in kin tambaya kin zage ni."

Ɗiyata tana da shekara biyu abin ya fara, kuma da hannuna na jawo shi. Ina wanki tana ta rigima, sai na gutsuro ƙuli na miƙa mata ta tsotsa. Ban gama matse riga biyu ba na ji kukan ya sake. Na waiga, leɓɓanta sun kumbura, idanu sun rufe, numfashinta na fita da wani ɗan fito siriri. Ko mayafi ban tsaya nema ba, zanen da na matse na yafa, na tare kabu-kabu sai gidan likita.

Bayan an yi mata allura ta dawo hayyacinta, lokotoro ya zaunar da ni. Ya ce, "Madam, alerji ce. Jikinta yana ɗaukar gujiya abokiyar gaba. Ba yawan ba ne, ko ɓurɓushi zai iya tayar da abin, kuma na gaba yana iya fin wannan." Ya rubuta mini wani siro, maganin ruwa na ƙaiƙayi da borin jini, ya kuma ɗaga yatsa ya ce siron ba ya buɗe maƙogwaro. In na ji fiton nan kada in tsaya jiƙa komai, kada in tsaya kiran kowa, in rugo.

Ran nan na koma gida na yi wa madafata tas. Man gujiya, tunkuza, garin ƙuli, yajin jegona da ya rage, duk na tattara na kai wa Inna. Na koma suya da man shanu da man bido, na jarka, da ake kawowa daga arewa, shi ma sai na sa an karanta mini abin da ke rubuce a jiki. Kwaɗon zogale na daina sa masa ƙuli, sai albasar Tabelot da tumatir da ɗan gishiri, kuma in faɗi gaskiya ba daɗi, haƙuri kawai muke yi. Yajina na koyi yi da soyayyen garin gero. In yarinya ta ga yara na tauna abu ta fara miƙa hannu, sai in zaro dabinon Fachi ko ɗan cuku daga jaka, don ban fita ko nan da can babu su. Maigida kuwa na kafa masa doka: in ya ci kilishi a hanya, ya wanke baki da hannu da sabulu kafin ya taɓa ta. Ya ce, "Yanzu ni ma sai an yi mini bincike?" Na ce, "Kai ne ma na farko."

Mutane sun yi ta magana. Wata ta ce iska ce, wata ta ce a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan har ta saba, wata ta ce mu ƴan kudu da gujiya aka yaye mu, ina aka taɓa jin wannan iyayi. Da azumi, kwanonin maƙwabta na shigowa da la'asar, ni kuwa ina bakin ƙofa ina tambaya. Inna ce kaɗai ba ta taɓa yi mini dariya ba. In za ta ba yarinyar abu sai ta ɗaga shi sama ta ce, "Duwan, wannan ya wuce?" Tana kiranta ƙawata, yarinyar kuma in ta ji muryarta sai ta ruga ta faɗa jikinta.

Muka yi wajen shekara biyu lafiya. Sai kuma borin jini ya fara dawowa. Ba shaƙewa, amma wuyanta da cikinta su yi ruɗu-ruɗu, ta yi ta susa har ta ji wa kanta ciwo. Sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu, kuma duk daga tuwon gidana, wanda ni na surfa, na wanke, na tuƙa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Na zargi mai injin niƙa na daina kai masa, na koma wurin wani. Na zargi maigida har muka kwana biyu ba ma magana. Na zubar da rabin bidon mai. In na ɗora tukunya sai in tsaya ina kallonta, ban san daga ina abin yake shigo mini ba.

Wata Alhamis na tafi kasuwa da yarinyar kamar kullum, sai na tuna na bar murhu da wuta, muka juyo tun hantsi. Ina shiga na ga wurin turmina wayam. Turmin nan uwata ce ta ba ni ranar da za a kawo ni, a bayan kamyo ya yi kwana biyu yana tafiya, kuma shi kaɗai ya rage mini na hannunta tun da ta rasu. Ta bayan katanga ina jin daka, dim, dim. Can sai ga Inna ta garo shi ta ƴar ƙofa, ta ɗauraye shi, ta goge da tsumma.

Ta ce, "A'a, ɗiyata, yau kin yi sammakon dawowa. Nawa ne ya tsage tun watan jiya, shi ne nake ɗan ara in kin fita. Ga shi na wanke miki tas."

Na sunkuya kamar zan gyara masa zama, na sa hanci. Ƙuli. Ƙanshin da na tashi a cikinsa, ko a mafarki ba zan ɓata shi ba. Ya shige cikin itacen, can ƙasa inda taɓarya ta yi masa ƴan tsage-tsage.

Abin da ya kamata in faɗa a bakina yake. Ni da nake tsare matar liman a bakin ƙofa in tambaye ta da wane mai ta yi miya! Amma na ɗaga ido na ga tsohuwar nan tana haki, gumi na bin wuyanta, matar da ta yanke wa ɗiyata cibiya, kuma ni da bakina na ce kada ta taɓa tambayata. A wurinmu wa ke hana aron turmi? Ko wadda kuka yi faɗa da ita jiya ta aiko, ba ta kike yi. Sai na ji bakina ya ce, "Ba komai, Inna, ai naki ne."

Na ce a raina zan gyara abin ba tare da kowa ya ji kunya ba. Na tafasa ruwa na zuba, na dirje da toka, na sake da sabulu, na kife shi a rana kwana biyu. Na shinshina ban ji komai ba. Na ce shi ke nan, Alhamis mai zuwa zan san dabarar da zan yi.

Ranar Asabar na yi fura. Duk watan nan surfe kawai nake yi a turmin, gero kuwa in an surfa ana wanke shi, shi ya sa abin ke tsayawa a fata. Fura ba haka ba ce. Da zafinta ake kirɓa ta, tana manne wa itace tana tsotso duk abin da ke ciki. Wannan lissafin bai zo mini ba sai daga baya, ina zaune a kan bencin gidan likita.

Ludayi uku ta sha. Ta ajiye ta ce, "Mama, bakina yana cizo." Sai tari. Sai fiton nan.

Tsakar rana ce, titi ba kowa. Na saɓa ta a kafaɗa ina gudu ba takalmi, ƙasa na ƙona mini ƙafa, ina kiran sunan Allah ina kiran nata, ni da ban taɓa faɗin sunanta a gaban mutane ba don ɗiyar fari ce. Wani mai adaidaita ya sauke fasinjansa ya ɗauke mu. A hanya jikinta ya saki, leɓɓanta suka sake launi. Ina jijjiga ta ina cewa ki yi numfashi, don Allah ki yi numfashi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ba na fatan maƙiyina ya ji shi.

Allura biyu aka yi mata kafin ƙirjinta ya buɗe, aka riƙe mu har washegari. Lokotoro ya tambaye ni me ta ci. Na faɗa masa komai, har tokar da sabulun. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi itace yana shan mai, wanki ba ya kai wa can. Sannan ya ce, "Kin sani tun Alhamis?" Na ce na sani.

Da muka dawo, na kwantar da ita, na garo turmin da kaina ta ƴar ƙofa. Inna na zaune tana ƙulla yaji, ta taso da sauri tana tambayar jikin ƙawarta, don ta yini a gidan likita tare da mu ba ta san dalili ba.

Na ce, "Inna, na kawo miki turmi. Naki ne daga yau. Amma kada ya sake shiga gidana."

Ta dube ni, ta dubi turmin. Na faɗa mata duka. Ta sunkuya ta sa hanci a ciki, ta daɗe a haka, sannan ta zauna a ƙasa daɓas.

Ta ce, "Tun Alhamis kika ji, kika ce mini ba komai?"

Na ce, "Kunyarki na ji, Inna."

Ta ce, "Kunyata? Da kin bari na kashe ta da hannuna saboda kunya? Haba ɗiyar nan! Da kin zage ni, da kin kore ni da taɓarya, wallahi da ya fi mini." Ta ja bakin zane ta rufe fuska. Ni ma na zauna muka yi ta kuka, turmin uwata a tsakaninmu.

Na sayi sabon turmi wurin masassaƙa, na ƙona masa alama a gindi. Yana cikin ɗaki, ba a tsakar gida ba. Mata uku sun aiko aro na ce a'a, biyu har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Inna ba ta daina yaji ba, da shi take ci, ni ma ban ce ta daina ba. Baɗi yarinyar za ta shiga lakwal, inda kowane yaro ke da abin taunawa a aljihu kuma ba ni a bakin ƙofa.

Kwana uku bayan mun dawo daga gidan likita, yarinyar ta ji muryar Inna a tsakar gida, ta tashi da gudu da hannuwa a buɗe kamar yadda ta saba. Inna ta ja da baya har ta bugi katanga, ta ɓoye hannuwanta biyu a bayanta.

Ta ce, "Tsaya nan, ƙawata! Tsaya, kada ki taɓa ni, ban wanke ba."

Yarinyar ta tsaya cak, ta juyo tana kallona, ba ta gane laifin da ta yi ba. Ni kuwa na tafi na ɗauko wa Inna sabulu.