Karyar da Na Ɗaure a Kwandon Keke

Shekarar da aka rufe ramin ma'adinin Akokan, inda na yi shekara goma sha tara ina wankin kayan ma'aikata, matata ta kwashe yara ta koma Maraɗi. Ba faɗa muka yi ba. Ta ce in taho, na ce bari in ga ko wani aikin zai faɗo. Aka bar ni da keke, da katifa, da wata ƴar karya ja wadda wata ma'aikaciyar jinya ta cocinmu ta ba ni da za ta bar garin. Da kaɗan ta fi zakara girma.

Na samu aikin ban ruwa a lambun wani mutum a bakin garin Arlit. Kwana biyu ina kulle ta a gida, in dawo in tarar muryarta ta dushe don kuka, ta kankare ƙofa har faratanta sun yi jini. Gidajen layinmu duk sun zama kango, ba wanda zan bar wa ita. Rana ta uku na sa ta a kwali bayan keke, na ɗaura mata igiya a wuya, muka kama hanya. Ba mu yi nisa ba ta hango awaki, ta yi tsalle. Da na waiwaya tana reto gefen taya, harshe a waje.

Na gangara da keken wurin wani tsoho Bakatsine mai gyara a bakin kasuwa. Ya janye tabarmar sallarsa don kada ta taɓa, sannan ya tsaya yana kallon kwalin.

"Malam, kashe ta za ka yi," in ji shi. "Maida ta gaba inda idonka yake. Kuma ba a wuya ba, a ƙirji."

"Da me zan ɗaure ta, Baba?"

Ya yanko tsohuwar robar taya, ya nuna mini yadda zan zagaya ta ƙarƙashin ƙafafunta na gaba. Ni na riƙe ta, shi yana faɗa daga nesa. Ya ɗaura mini kwandon ƙarfe a kan keken, ya gyara birki, ya ce igiyar ta zama gajeriya, yadda ko ta so fita ba za ta iya ba.

Wata takwas muka yi haka. Ina shimfiɗa mata jiƙaƙƙen buhu saboda zafin ƙarfe, ina tafiya da gorar ruwanta. In na ji kamiyo, wato babbar mota, a bayana, sai in sauka daga kwalta in ba shi hanya. Takan ɗora haɓarta a bakin kwandon, kunnuwa suna kaɗawa. Ita nake ba labarin yarana, da tarin da ya ƙi barina. Akan yi kwana uku ban yi doguwar magana da mutum ba.

Wata Laraba cikin bazara, da tsakar rana, muna komawa gida, wata babbar mota ta taho ta cika hanya. Na sauka gefe kamar kullum. Wurin yashi ne mai laushi. Tayar gaba ta nutse, keken ya kafe, na wuntsila ta kansa. Ni gwiwa kawai na goge. Ita kuwa ta yunƙura za ta tsallake, na gani da idona, igiyar ta dawo da ita. Kwandon ya kife a kanta, nauyina ya biyo.

Ba ta yi kuka sosai ba. Tana ta jan jiki da ƙafafun gaba, na baya suna biye kamar tsumma.

Na rungume ta, na taka a ƙafa har wurin likitan dabbobi. Ya shafa bayanta, ya girgiza kai.

"Ƙashin baya ne. Ni raƙuma da awaki na sani, amma ko wa ka kai wa, abin da zai gaya maka ke nan."

Kwana biyu ta yi. Ina ɗiga mata ruwa da cokali, tana lasar yatsana. Na binne ta bayan gida, ƙasar da tauri, sai da na ari diga.

Da tsohon ya ga kwandon a lanƙwashe kuma ba kowa ciki, bai tambaye ni ba. Na gaya masa yadda aka yi. Ya daɗe yana juya sifana a hannunsa.

"Ni na ce a gajarta igiyar."

"Da doguwa ce, Baba, da tuni ta mutu."

"Haka ne," ya ce. Amma daga ni har shi ba wanda maganar ta sanyaya wa rai.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada na kira matata. Ta saurara har na gama.

"Baban yara, me kuma kake tsaro a can?"

Na ce in an cire kabeji zan taho. An cire kabeji sau biyu tun daga lokacin, an sake shukawa, ni ke ba shi ruwa.