Gwangwanin Baba Dakata

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shigowa gareji, kafin mai shara ta gama. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga kai ya karanci sama tukuna, sannan ya gaisa da mutane. Daga nan ya zaro tsinken ashana daga bayan kunne, ya bi babura goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa a kan gwiwar da ke masa ƙara, yana cusa kan ashanar cikin zanen taya. In kan ya nutse, babur ya tsira. In ya tsaya a sarari, sai ya ja layi da alli a kan kujera, ranar nan babur ɗin ba ya ganin titi ko sama da ƙasa za su haɗe.

Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan a kamfaninmu na kai saƙo. Shi ne babban bakanike, shi ke koya wa sababbin ma'aikata hawan ƙananan baburan nan masu gajerun tayoyi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ni kuwa mai raba aiki ce, ina zaune bayan tebur da wayoyi biyu da baki ɗaya wanda ya fi su ƙara. Na ɗauki alƙalami ne don in jinjina masa, amma ba zan yi muku ƙarya ba, akwai wani abu da ya daɗe a maƙogwarona.

Sunansa na gaskiya sai a takardar ofis. Kowa Baba Dakata yake ce masa, saboda wani tsohon gwangwanin fenti da yake ajiyewa a kan kantar sifanoni. Da zarar ɗigon farko ya buga kwanon rufi, sai ka ji kacau-kacau, Baba na zagaya fili yana girgiza shi. Duk mahayin da ke nan sai ya jefa makullinsa ciki. Wanda ke kan hanya kuma ya san doka, ya sami rumfa ya fake. Minti goma sha biyar, ba ragi.

"Ruwan farko ba wanke titi yake yi ba," in ji shi, "kwaɓa shi yake yi. Baƙin man da motoci suka yi ta ɗigarwa da ƙurar kwanaki, duk sai su taso su zama sabulu. Ku bar shi ya wuce da kayansa."

Sabon ma'aikaci ba ya karɓar makulli sai Baba ya sheƙa ruwa bokiti uku a simintin gareji ya sa shi ya yi ta gwada tsayawa da babur a kai. Na sha jin muryarsa ta taga: "Kai, birkin gaba ba abokin kokawarka ba ne, gaisawa ake yi da shi! Yatsu biyu, a hankali, tare da na baya. Rage gudu tun kana tsaye, ba sai ka kwanta cikin kwana ba." Ya hana su taka fentin titi da murfin ƙarfe in akwai hanya. Ya hana su bin tsakiyar layi, ya ce su bi sawun tayar motar gabansu. Kududdufi kuwa, ya ce duk wanda ba ka ga gindinsa ba, ka ɗauka rijiya ce.

Akwai wani mahayinmu da muke kira Jirgi, don ba ya tafiya sai tashi. Shi ya fi kowa tsokanar tsohon. In ya ji gwangwani sai ya ce, "To, ga sadakar makullai ta zo, Allah ya ba mai bayarwa haƙuri!" Wata rana ya dawo jiƙe sharkaf. Wata bas ce ta ja birki ba zato a gabansa cikin cunkoso, mahayi biyu na wani kamfani suka shige bayanta, shi ya tsaya saura taku ɗaya. Ya ce tun daga danja yake jin muryar Baba a cikin hular kwano tana ƙirga masa tazara, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Tun ranar Jirgi ke fara jefa makulli.

Kai ne, Baba, mai ja da baya ba don tsoro ba. Kai ne wanda ya yarda a yi masa dariya muddin kowa zai koma gida da ƙafafunsa. Ni ce ban gane ba sai da na ji a jikina.

Shekara shida ke nan. An yi makonni ba ruwa, sai ranar da la'asar hadari ya taso, ruwa ya fara ɗiga. Wani mai hulɗa da mu ya kira sau huɗu yana zazzaga mini masifa a kan wata takarda, wai sai ta isa kafin a tashi ofis. Mahayi ɗaya ya rage a fili, autanmu, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na samo masa aikin bayan matarsa ta haifi na biyu. Makullinsa na cikin gwangwani. Na fito a fusace.

"Baba, ba shi makullinsa."

"Saura minti goma, 'yata."

"Minti goma a bakinka! Gishiri ne shi da zai narke? Kai bakanike ne, ni ce mai raba aiki. Kowa ya tsaya a matsayinsa."

A gaban kowa na faɗa, har da mai shara. Ya dube ni, ya dubi sama. Sannan ya buɗe murfin ya miƙa makullin. Auta ya karɓa yana dariya, ya ce, "Haba Yaya, kwantar da hankalinki, kafin shayinki ya huce na dawo."

Bai dawo ba. A shataletale wata mota ta yanko masa, ya damƙi birkin gaba daidai kan farin fentin masu tsallaka titi. Babur ya zame, wata motar kaya ta bi ta kan gwiwarsa. Aiki uku aka yi masa a asibiti. Yau yana raye, mun gode Allah, amma ƙafar ba ta lanƙwasuwa. Yanzu a bayan kantar kamfaninmu yake zaune yana jera fakiti, kuma tun ranar bai iya bin yaransa da gudu ba. Takardar kuwa washegari aka kai ta, wanda ya karɓa ko buɗe ta bai yi ba sai bayan kwana biyu.

Baba ne ya je ya turo babur ɗin da hannu. Shi ne kullum a asibiti bayan an tashi aiki. Ko sau ɗaya bai ce mini "ai na faɗa" ba, wallahi da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Na roƙi auta gafara, na roƙi matarsa, na roƙi mahaifiyarmu. Amma Baba, shekara shida sai "ina kwana" da kai a sunkuye, in wuce da sauri. Ni mai bakin nan, na rasa kalma uku.

Makon jiya na ga yana tattara kayansa cikin kwali, na san in na bari ya fita ƙofar nan shi ke nan. Na same shi a bakin kanta.

"Baba, ka yafe ni."

Ya ajiye sifanar hannunsa. "Ke magana kawai kika yi, 'yata. Hannun da ya buɗe gwangwani nawa ne. Na san abin da ke kan titi, ke ba ki sani ba. Na ji kunyar a ce tsoho na jayayya da 'yar cikinsa, sai na sayi mutuncina da ƙafar yaron nan."

Ya juye gwangwanin a tafinsa. Wani lanƙwasasshen makulli ya faɗo, na auta ne. Ashe tun ranar yana ciki. Ashe shi ne ke yin kacau-kacau ɗin farko kafin kowa ya jefa nasa. Duk shekarun nan da nake ɓoye masa fuska, shi ma kaya yake ɗauke da shi, kuma ni na ɗora masa. Na yi kuka kamar ba a wurin aiki nake ba.

Ya mayar da makullin, ya rufe, ya tura mini gwangwanin. Na ce, "Ni? Ni fa, Baba?"

Ya ce, "Wa ya fi ki sanin nauyinsa?"

Baba, mun gode. Matan mahayanmu sun gode, da 'ya'yansu da ba su ma san fuskarka ba. Ku kuma masu hawa babur, da ku masu aiken su kuna kira kuna cewa a yi sauri, don Allah in ruwa ya fara sauka ku ba shi mintinsa goma sha biyar. In kuna da tsoho irin wannan a wurin aikinku, ku saurare shi tun yana nan, kada ku jira shekara shida.

Shekaranjiya da hantsi ɗigon farko ya buga kwano. Wayoyina biyu na ta ruri. Na kife su a kan tebur, na ɗauki gwangwani na fita fili. Auta ya ɗago kai daga kanta ya ji ƙarar makullinsa, sannan ya daka wa mahayan tsawa: "Ba ku ji ba ne? Ku kawo!"