Madabod Ɗin Da Ya Kori Gadona

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce, a unguwannin babban birnin ƙasarmu, Nima da Maamobi, wani lokaci har unguwar Madina. Ba don na fi maza iya riƙe kyamara nake samun aiki ba. Ina samu ne saboda ni mace ce. Ranar lalle, idan mata suka rufe ƙofar gida suka ajiye mayafai, ni kaɗai ake bari in tsaya a tsakiyarsu ina ɗauka. Tsofaffin da ba a taɓa ganin haƙoransu a titi su ne ke fara shiga fili.

A shekarun farko ba ni da kwamfuta. In na gama ɗauka sai in zare memori in kai wani situdiyo da ke bayan kasuwa, mai wurin ya yanke, ya haɗa, ya sa kiɗa, in karɓa in kai wa masu biki. Haka muke yi har zuwa bikin 'yar wata Hajiya mai sayar da atamfa.

Hajiyar nan mace ce mai kamun kai, ko ciniki take yi ba ta ɗaga murya. Amma a ranar lallen, farin ciki ya ɗebe ta. Ta yi rawa har ɗankwalinta ya zame, furfura a waje, tana dariya, ƙawayenta na guɗa. Ba a daɗe ba sai ga guntun rawar yana yawo a wayoyin mutane, an ƙara masa sauri, an ɗora masa wani kiɗan ban dariya. Da idona na ga samari a kan benci bakin titi sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna ƙyaƙyatawa.

Ta aiko aka kira ni shagonta. Ta ci gaba da ninke atamfa, ba ta ko dube ni ba.

"'Yata, ke muka buɗe wa ƙofa," in ji ta. "Ba mutanen gari ba."

Daga nan situdiyo na wuce. Na tarar da mai wurin yana cin shinkafa da wake a ganye.

"Sista, ɗaya daga cikin ma'aikatana ne. Wasa yake yi. Na yi masa faɗa."

"Wasa da iyayen mutane?"

"To in bai yi miki ba, ki je ki yi editin da kanki mana."

"Zan yi."

Ya ajiye cokali, ya dube ni daga sama har ƙasa yana murmushi. "Kin ma san abin da ake kira madabod?"

Ban sani ba. Na dai ce ya goge duk abin da na taɓa kawo masa, na tsaya a kansa har ya gama, abincinsa ya huce.

Na daina karɓar aiki na ɗan lokaci, na koma ɗaliba. Duk inda na zauna, a tiroto, motar hayarmu, ko a bakin murhu, waya na hannuna ina kallon masu haɗa kwamfuta. A hankali na gane cewa madabod wani faffaɗan allo ne da ake dasa komai a kansa: firosesa mai yin lissafi, ram inda ake baza aiki lokacin da ake kansa, katin hoto mai ɗaukar nauyin bidiyo, da faifan ajiya. Na gane kuma cewa girmansa ne ke yanke yawan abin da za a iya dasawa.

Yayana yana sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai. Da na yi masa bayani sai ya ce, "Ashe shasi kike nufi, ƙashin da ake ɗora mota a kai. To me zai kai ki wannan wahala? Sayi laftof na hannu kamar kowa."

Na riga na gwada. Na ari na wata ƙawata, na sa masa bidiyon biki ɗaya, ya yi zafi kamar dutsen guga, amarya tana tafiya tana tsayawa kamar mai ciwon ƙafa. Na ce masa ba laftof nake so ba, kuma ba shawarar saye na zo nema ba, rakiya na zo nema. Ya yi ta gunaguni, amma ya bar shago a hannun maƙwabcinsa muka hau tiroto zuwa Circle, inda ake sayar da kayan kwamfuta.

Mai shagon da muka shiga Ba'asante ne. Hausarsa ta titi ce, ba ruwanta da "ka" ko "ki", in ta ƙare masa ya cike da Twi, yarensu. Ya bar ni a tsaye, ya fara yi wa yayana magana. Da yayana ya nuna ni da baki, sai ya juyo.

"Madam, wa zai yi aiki da shi? Mijinka?"

"Ni."

Ya ciro alluna uku ya jera a kan gilashi. Na farko bai fi murfin ƙaramar tukunya ba. Na biyu matsakaici. Na uku kuwa ya kai tiren shayi. Sannan ya ɗauko wani ɗan farin akwati mai gilashi a gefe, ya jona shi da wuta, fitilu masu launi suka fara zagaye a ciki.

"Wannan na mata ne. Ƙarami, mai kyau, zai shiga ɗakinka ba wahala."

Na ɗauki ƙaramin allon na juya shi. Ramin ram biyu ne kacal. Wurin katin hoto ɗaya, daga shi babu ƙari. Na tambaye shi faifan ajiya nawa akwatin zai ɗauka, ya ɗaga yatsu biyu. Ni kuwa biki ɗaya na Zango, unguwanninmu na Hausawa, ba yini ɗaya ba ne. Akwai lalle, akwai ɗaurin aure, akwai walima, akwai kai amarya, bayan shekara a kira ki suna. Na kuma yi alkawari a raina cewa daga yanzu hoton matan mutane ba zai sake kwana a hannun kowa ba sai nawa. Wurin ajiya nake bukata, mai yawa. Ga shi ɗakinmu, ni da mahaifiyata Mma, rufin kwano ne, da rana ko mutum da kyar yake numfashi, balle na'urar da aka cusa wa kaya a ɗan akwati.

"Babban nake so," na ce.

Yayana ya ja ni gefe. "Ƙanwata, ki ɗauki matsakaicin. Shi ma raminsa huɗu ne. Ina za ki kai wancan a ɗakin Mma?"

Yana da gaskiya, matsakaicin zai iya aikin. Na sani a lokacin, na sani yanzu. Babban ya fi shi sarari ne kawai, iska ta fi zagayawa, akwatinsa ya fi cin faifai. Amma akwai wani dalilin da ban faɗa masa ba. Na gaji da maza suna auna mini girman abin da ya dace da ni, kowa da murmushinsa. Na koma gaban gilashin na ɗora hannu a kan babban.

Da mai shagon ya ga ba wasa nake yi ba, sai ya kashe fitilun ya fara magana kamar ɗan kasuwa. Ya nemo firosesan da mazauninsa ya dace da allon, ya nuna mini lambar a jikin kwali don in gani da kaina. Katin hoto na hannu na ɗauka, bayan ya gwada mini shi. Ram guda biyu na saya, na bar ramuka biyu a buɗe sai hali ya yi. A kan abin raba wuta ne ya kafe. Na nufi mai araha, ya ɗauke shi daga gabana.

"Dabi, dabi, a'a. Wutar ƙasar nan ka san shi. Ka sa wannan, rana ɗaya zai ƙone maka komai."

A nan na saurare shi. Na bar fitilu da ado, na ɗauki mai ƙarfi.

Mota ba ta shiga lungunmu. Wata 'yar dako ce ta ɗora babban baƙin akwatin da na saya wa allon a tasarta, muka bi gefen kwata da shi, masu koko da ƙosai suna bin mu da kallo. Ni da mahaifiyata ɗaki ɗaya muke kwana a gidan haya. Tana zaune a ƙofa tana tsince shinkafa muka iso.

"Firiji kika sayo?"

"Kwamfuta ce, Mma."

"To ita za ta kwana a ciki mu mu kwana a waje?"

Na auna ko'ina. Ba ta shiga bayan ƙofa, ba ta shiga kusa da kabad, kuma ba zan ajiye ta a ƙasa ba, don da damina ruwan kwata yakan leƙo har ɗaka. Wuri ɗaya ne ya rage. Na kira yayana muka kwance gadona, na ba wata maƙwabciya. Mma ta yi fushi ƙwarai. Ta ce a danginmu ba a taɓa yin macen da ta sauka daga gado don ƙarfe ya hau ba. Na ce to an fara daga kaina. Kafinta ya yi mini dogon tebur, na riƙa shimfiɗa katifa a ƙarƙashinsa.

Ni na haɗa ta da hannuna, wata ranar Lahadi da hantsi, da sukudireban yayana. Na ɗaure allon, na dasa firosesa, na jona wayoyi, na danna makunni. Fanka ta juya, amma fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa ƙirin.

"Mu mayar masa ya haɗa miki," in ji yayana.

"Ba inda za ta."

Na zare wuta na bi komai ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓata. Ashe ram ɗaya ne bai zauna ba, tsoron karya shi ya hana ni dannawa sosai. Na sa manyan yatsuna biyu na danna har ya ce ƙas. Da na kunna sai rubutu ya fito. Yayana ya yi kabbara. Mma ta leƙo ta koma, amma da yamma na ga ta rufa wa akwatin tsohon zanenta saboda ƙura.

Hajiya mai atamfa ba ta sake kira na ba. Da ta aurar da 'yarta ta biyu, ta hana kyamara shiga wajen mata gaba ɗaya, kuma ban ga laifinta ba. Amma labari ya bazu cewa akwai wadda ke yin editin a ɗakin uwarta, kuma namiji ba ya shiga. Mata suka fara zuwa da kansu, su zauna kan kujera 'yar tsugune kusa da ni, su ce cire nan, bar nan.

Kwanan baya wata gwaggon amarya ta zo daga Madina, mace mai jiki da murya. A wajen rawa ta zame ta faɗi zaune daɓas, ƙafafu a sama. 'Ya'yanta biyu suka rako ta musamman don a cire wurin. Na kai hannu zan yanke, ta riƙe mini wuyan hannu.

"Dakata. Mayar baya in gani."

Na mayar. Ta kalla, ta ce in sake. Ta yi dariya har da hawaye, Mma na taya ta daga bakin ƙofa.

"A na dangin ango ki cire," ta ce tana share ido da gefen mayafi. "A nawa ki bar mini faɗuwata. Ki ma rage mata gudu yadda zan gan ta da kyau."